Babi na Tara: Tushen Ƙidaya a Hausa da Warware Tambayar Gasar Lissafi

9.0 Gabatarwa

Yawancin ɗaliban da suka zaɓi Hausa a kwalejin ilimi sukan ɗauka cewa sun yi bankwana da lissafi tun ranar da suka ajiye alƙalamin jarrabawar kammala sakandare. Wannan zato ba ya daɗewa. Da zarar an tura ɗalibi koyarwar gwaji a wata makarantar firamare ta cikin garin Sakkwato, ko ta Kware, ko Wamakko, ko Boɗinga, sau da yawa sai a danƙa masa aji sukutum, ya zama shi ne malamin Hausa, shi ne kuma malamin lissafi. Yaran da ke gabansa kuwa da Hausa suke ƙirga kuɗin tallarsu da awakin gidansu, saboda haka ko da Ingilishi aka rubuta littafin, da Hausa za a yi bayanin, in dai ana so su gane.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a koyar da yaro a shekarunsa na farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan har tsawon shekara shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye tsarin, aka mayar da Ingilishi ya zama harshen koyarwa. Duk da wannan kai-komo, yaron aji biyu da ke Gidan Igwai ko Mabera yana nan da harshen da ya zo da shi daga gida, kuma malamin da ya kasa yi masa bayanin sifiri da wannan harshe ya bar shi da hadda kawai.

Wannan babi zai duba yadda Hausa ta gina ƙidayarta, sannan ya ɗauki wata tsohuwar tambaya ta gasar lissafi ya warware ta daki-daki da Hausa, domin a gwada ko kalmomin da ake da su za su iya ɗaukar nauyin.

9.1 Kalmomi huɗu da ya kamata a bambance

Matsala ta farko ita ce kalmar lamba. A bakin jama'a lamba ce a jikin mota, lamba ce a waya, lamba ce 7, lamba ce kuma 248. Wannan ba laifi ba ne a kasuwa, amma a aji yana haifar da ruɗani, domin akwai abubuwa daban-daban da kalmar ta rufe. A cikin wannan babi za a yi amfani da kalmomi huɗu kamar haka.

Adadi shi ne yawan abu, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Tumaki ɗari biyu da arba'in da takwas adadi ne tun suna turke. Alƙalami, jam'insa alƙaluma, shi ne alama guda da ake rubuta adadi da ita, wato 0 zuwa 9. Ke nan 248 adadi ɗaya ne mai alƙaluma uku. Gurbi shi ne mazaunin alƙalami a cikin jeri, kuma shi ke ba alƙalami darajarsa: 2 da ke cikin 248 ɗari biyu ne, amma 2 da ke cikin 482 biyu ne tak. Tushe kuwa shi ne yawan abubuwan da ake tarawa kafin a ɗaure su a ce sun zama guda a gurbi na gaba. Inda ake ɗaurewa da goma-goma, tushen goma ne. Inda ake ɗaurewa da bakwai-bakwai, tushen bakwai ne.

Daga wannan bayani wata ƙa'ida take fitowa, wadda duk warwarar da za a yi nan gaba ta rataya a wuyanta: alƙalami ba ya kai girman tushensa. A tushen goma alƙalami mafi girma shi ne 9. A tushen bakwai shi ne 6, domin da zarar abu ya cika bakwai an ɗaure shi ya haura gurbi na gaba. A tushen biyu, wanda kwamfuta take aiki da shi, 0 da 1 ne kaɗai.

9.2 Tushen ƙidayar Hausa da na maƙwabta

Ƙidayar Hausa ta yau a kan goma take. Daga ɗaya zuwa goma kowane adadi yana da kalmarsa, ko da yake Basakkwace yana cewa biyat da shidda inda Bakano yake cewa biyar da shida. Daga goma sha ɗaya zuwa goma sha tara ana ɗora wa goma ne da sha. Kalmomin da suka biyo baya, wato ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin da casa'in, duk aro ne daga Larabci, kamar yadda minya da metan da arbaminya da hamsaminya suke. Kafin wannan aro Bahaushe yana cewa gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. Ga mai koyarwa wannan tsohon salo ya fi na yanzu amfani, domin ya fito da tsarin fili: yaron da ya ji gomiya huɗu da takwas ya riga ya san abin da zai rubuta a kowane gurbi, alhali wanda ya ji arba'in da takwas sai an sanar da shi cewa akwai huɗu a ɓoye a cikin arba'in. Abin takaici ne da littattafan firamare suka yi watsi da gomiya.

Nahawun ƙidayar ma yana ɗauke da lissafi. Idan aka jera kalmomi biyu ba tare da komai a tsakaninsu ba, ninkawa ake nufi: ɗari uku. Idan aka sa da, tarawa ake nufi: ɗari da uku. Idan aka sa ba ko babu ko gaira, ɗebewa ce: ashirin ba biyu, wato 18. Wani lokaci tsarin yakan yi harshen damo. Wanda ya ce dubu ɗari da biyar, ana iya fahimtarsa da 105,000, ana kuma iya fahimtarsa da 100,005, shi ya sa mai taka-tsantsan yakan ce dubu ɗari da dubu biyar, ko dubu ɗari da guda biyar.

Sai dai goma ba ita kaɗai ce ta yi zamani a ƙasar Hausa ba. A zamanin Daular Sakkwato da wuri ake ciniki, kuma masu ƙirgar wuri suna da nasu tsarin. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomi irin su hauya, wato ashirin, da zangu, wato ɗari. Barth, Bajamushen da ya zagaya ƙasar nan da sunan Abdulkarim har ya iso Sakkwato a 1853, ya ga ana ƙirgar wuri 500,000 a Tasawa a 1851. Ya bayyana cewa a nan ba a shirya wuri a zare, ɗaya-ɗaya yake, ana jansa da yatsu biyar-biyar, ana tsiba shi tsibin ɗari biyu, wato hauya goma, ko tsibin dubu, sannan a zuba dubu ashirin a jaka guda ta kaba. Ke nan wancan aiki da ya gani jaka ashirin da biyar ne. Idan aka lura, mai ƙirgar wuri yana sauya tushe a kowane mataki: biyar, sannan huɗu na biyar su ba da hauya, sannan goma na hauya su ba da tsibi. Har yau mai goro yana da ƙwarya, wato goro ɗari, kuma da ƙwarya ake yi masa ciniki.

Kuɗin Turawa da suka maye gurbin wuri sun zo da nasu gaurayen tushen. Kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida. An yi lissafi da wannan tsari har ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Dattijon da ya yi kasuwanci kafin wannan rana ya iya aro daga tushen goma sha biyu da tushen ashirin a ka, ba tare da ya taɓa jin sunansu ba. A kan iyaka kuma, tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ɗan kasuwa yana jin dala ashirin ya san sefa ɗari ake nufi, domin dala a Nijar sefa biyar ce. Wannan na ƙarshe sauya ma'auni ne, ba sauya tushe ba, kuma ya kamata malami ya kiyaye kada ya haɗa su.

Maƙwabta ma kowa da nasa. A Fulfulde, kamar yadda ake ji a karin Adamawa, biyar jowi ce, shida joweego'o, bakwai joweeɗiɗi, takwas joweetati, tara joweenayi, wato biyar da ɗaya, biyar da biyu, har zuwa sappo, goma. Yarabanci ya ginu a kan ashirin: ogun ashirin, ogoji ashirin biyu, ogota ashirin uku, hamsin kuwa aadota, goma ta fita daga sittin. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Gwandara, harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa: karinsa na Nimbiya an rubuta cewa da goma sha biyu yake ƙirga, yana da kalma guda, tuni, ta goma sha biyu, da wata, wo, ta 144, wato goma sha biyu sau goma sha biyu. Awa mai minti sittin da minti mai daƙiƙa sittin kuwa gado ne daga mutanen Babila.

Tushen bakwai ma, wanda ake zato baƙo ne, yana cikin bakin kowace tsohuwa. Bahaushe yana kiran mako da bakwai. Wadda ta ce jaririn ya yi bakwai biyu da kwana uku ta faɗi kwana 17 ne, kuma abin da ta faɗa shi ne daidai 23 a tushen bakwai. Kwana arba'in na mai jego bakwai biyar ne da kwana biyar, wato 55 a tushen bakwai.

9.3 Ramzi: ƙidaya ba tare da gurbi ba

Kafin alƙaluman boko, malaman Sakkwato suna da hanyar rubuta adadi da haruffan Larabci, kowane harafi da darajarsa. Da ita marubuta waƙoƙin ajami, ciki har da Nana Asma'u, suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Mai son ganin misalansa zai same su a rubuce-rubucen da ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsarin da aka bi a nan shi ne na Magariba, inda shin take 1000, ra 200, lam 30, ba kuma 2. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a shekarar Hijira 1232, daidai da 1817. Shin da ra da lam da ba sun isa su rubuta wannan shekara. Wanda ya karanta su da tsarin Gabas, inda shin take 300, zai sami 532, ya ɓace da shekara ɗari bakwai.

Abin lura a nan shi ne, ramzi tarawa ce zalla. Ko an juya haruffan nan huɗu an faro daga ƙarshe, adadin yana nan 1232, domin darajar tana jikin harafin ne, ba a mazauninsa ba. Wannan ne ya ba mawallafa damar sarrafa haruffan su zama kalma mai daɗin furuci. Haka kuma ramzi ba ya bukatar sifiri: shekarar 1202 shin da ra da ba ce kawai. A tsarin gurbi kuwa, wanda Alhawarizmi ya bayyana a Bagadaza a ƙarni na tara bisa lissafin mutanen Indiya, juya alƙaluma yana juya adadi, kuma dole a sami alamar da za ta tsare gurbin da babu komai a cikinsa. Kalmar sifiri kanta daga Larabci ta zo, ma'anarta wofi.

Ba a nan ilimin lissafin magabata ya tsaya ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin tsara hatimi. Clapperton kuma, a zuwansa Sakkwato na biyu, wanda ya faro a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin Uƙlidisu na Larabci, Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin, an kawo shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi.

9.4 Tambayar da warwararta

Gasar lissafi ta ɗaliban sakandare ta duniya ta faro ne a Romaniya a 1959. A Nijeriya, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1988, ita aka ɗora wa zaɓen ɗalibai da horar da su domin irin wannan gasa. Batun tushen ƙidaya yana cikin manhajar sakandare, kuma masu shirya gasa suna ƙaunarsa, saboda tambayarsa gajera ce amma tana tona asirin wanda ya yi hadda. Tambayar da za a duba ta fito ne a gasar makarantun sakandare ta Amurka a 1968, kuma ga abin da take nufi da Hausa:

Wani adadi yana da alƙaluma uku idan aka rubuta shi a tushen bakwai. Idan aka rubuta shi a tushen tara, alƙaluman nan uku ne suke sake fitowa, amma a juye, na farko ya koma ƙarshe, na ƙarshe ya dawo farko. Mene ne alƙalamin tsakiya?

Hanya ta farko da takan zo wa ɗalibi ita ce gwaji. Adadin da ke da alƙaluma uku a tushen tara ba ya gaza 81, wanda ke da alƙaluma uku a tushen bakwai kuwa ba ya wuce 342, wato 666 a wannan tushe. Tsakanin 81 da 342 akwai adadi 262, kuma kowanne sai an juya shi sau biyu. Za a tashi daga jarrabawa ba a kai rabi ba.

Hanya ta biyu ita ce a ba alƙaluman suna. A kira na farko a, na tsakiya b, na ƙarshe c. A tushen bakwai darajar gurabe daga dama ita ce 1, sannan 7, sannan 49, wato bakwai sau bakwai. Saboda haka adadin shi ne 49a + 7b + c. A tushen tara darajar gurabe ita ce 1, sannan 9, sannan 81, kuma tunda alƙaluman sun juya, c ne a gurbin 81, a kuma a gurbin 1. Adadin shi ne 81c + 9b + a. Da yake adadi ɗaya ne aka rubuta ta hanya biyu, dole ɓangarorin su zo daidai:

49a + 7b + c = 81c + 9b + a

Yanzu sai a rage kaya. Abin da aka ɗebe a hagu, a ɗebe irinsa a dama, kamar mai sikeli. Idan aka ɗebe a guda da c guda da 7b daga kowane ɓangare, abin da zai rage shi ne:

48a = 80c + 2b

A raba kowane ɓangare biyu, sannan a ware b shi kaɗai:

b = 24a − 40c

A nan ne ɗalibai da yawa suke cijewa, domin an koya musu cewa ba a gano abubuwa uku da ba a sani ba daga layi ɗaya. Wannan gaskiya ne idan abubuwan suna iya zama kowane irin adadi. Amma a da b da c alƙaluma ne, kuma alƙalami yana da iyaka. A duba 24 da 40: dukkansu takwas tana raba su ba saura. Ke nan:

b = 8 × (3a − 5c)

Ma'anar wannan ita ce b ninkin takwas ne, wato ko 0, ko 8, ko 16, da sauransu. To amma b alƙalami ne a tushen bakwai, ba ya wuce 6, ba ya kuma gaza 0. Ninkin takwas guda ɗaya ne tak tsakanin 0 da 6, shi ne 0. Alƙalamin tsakiya sifiri ne, kuma an amsa tambayar tun ba a san adadin ba.

Malami nagari ba zai tsaya nan ba, domin har yanzu ba a tabbatar akwai irin wannan adadi ba. Tunda b sifiri ne, 3a daidai yake da 5c. Biyar tana raba ɓangaren dama, dole ta raba na hagu, kuma tunda ba ta raba uku, sai dai ta raba a. Alƙaluman tushen bakwai da biyar take rabawa su ne 0 da 5. Ba a fara rubuta adadi da sifiri, don haka a shi ne 5, c kuma 3. Adadin shi ne 503 a tushen bakwai, 305 a tushen tara. Gwaji: biyar sau 49 shi ne 245, a ƙara 3, an sami 248. Uku sau 81 shi ne 243, a ƙara 5, an sami 248.

Akwai rami a kan wannan hanya, kuma masu wayon ne suka fi faɗawa. Ɗalibi zai ce ai 8 halattaccen alƙalami ne a tushen tara, don me ba za a yarda b ya zama 8 ba? Idan ya bi wannan, 3a − 5c zai zama 1, ya sami a 2, c kuma 1. Ya gwada: 182 a tushen tara shi ne 81 da 72 da 2, wato 155. Sannan 281 a tushen bakwai ya ba shi 98 da 56 da 1, wato 155 dai. Lissafi ya yi daidai, ɗalibi ya yi murna. Amma 281 ba rubutun tushen bakwai ba ne ko kaɗan, kamar yadda ba wanda zai ce ya yi bakwai biyu da kwana takwas. Rubutun 155 na gaskiya a tushen bakwai shi ne 311. Kuskuren ba a lissafi yake ba, a ma'anar kalmar alƙalami yake, kuma ɗalibin da aka bari yana kiran komai lamba ba shi da makamin da zai gane shi.

Haka kuma a kula da karatu. Bai halatta a karanta 503 na tushen bakwai da cewa ɗari biyar da uku ba, domin ɗari kalmar tushen goma ce, tana ɗauke da goma sau goma a cikinta. Abin da za a ce shi ne biyar, sifiri, uku, a tushen bakwai. Malamin da ya saba wa yara da karatun farko ya riga ya rushe darasin da bakinsa.

A aji, duk wannan ana iya nuna shi da tsinken tsintsiya. A ƙirgo tsinke 248, a sa yara su ɗaure su bakwai-bakwai. Za a sami ɗauri 35, tsinke 3 su yi saura. A haɗa ɗaurin bakwai-bakwai su zama dami: dami 5, ba ɗaurin da ya yi saura. Dami biyar, ɗauri babu, tsinke uku, shi ne 503. A kwance a sake da tara-tara: ɗauri 27 da saurar tsinke 5, sannan dami 3 ba saurar ɗauri, wato 305. Yaron da ya ga wurin ɗauri fayau a kan tabarma, tsakanin dami da tsinke, ya ga sifiri da idonsa. Wannan shi ne kuma asalin ƙa'idar da ake rubutawa a allo, cewa a yi ta rabawa da tushe ana ajiye saura, sannan a karanta saurar daga ƙarshe zuwa farko.

9.5 Idan aka sauya tushen

Hanyar ba ta bakwai da tara kaɗai ba ce. A gwada ta da tushen biyar da tushen bakwai: 25a + 5b + c daidai da 49c + 7b + a. Bayan ragewa, b zai zama 12 × (a − 2c), kuma tunda b ba ya wuce 4, sifiri ne, a kuma ninkin c biyu ne. A wannan karon amsa biyu ce: 201 da 102, wato 51, sai kuma 402 da 204, wato 102. Ɗalibin da ya samu ta farko ya miƙe ya bar rabin makinsa a kan tebur.

Juya alƙaluma yana da wata dabara da yara suke so. A ɗauki adadi mai alƙaluma uku wanda na farkonsa ya fi na ƙarshe, misali 742. A juya shi, a ɗebe ƙarami daga babba: 742 − 247 = 495. A juya sakamakon a tara su: 495 + 594 = 1089. Kowane adadi aka faro da shi 1089 za a samu, muddin an riƙe gurabe uku, wato idan ɗebewa ta ba da 99 a rubuta 099. Dalili shi ne aro: ana aro sau biyu, alƙalamin tsakiya ya zama 9 dole, na gefe biyu kuma su taru su ba da 9. A tushen biyar sakamakon 1034 ne, a tushen bakwai 1056. Koyaushe 1, sannan 0, sannan tushe ba biyu, sannan tushe ba ɗaya.

Tsofaffin kuɗi ma suna da nasu. A ɗauki fam 7, sule 5, kwabo 2, a juya ya zama fam 2, sule 5, kwabo 7. Ba a ɗebe kwabo 7 daga 2, sai a ari sule guda, wato kwabo 12, ya zama 14, saura 7. Sule ya koma 4, ba a ɗebe 5 daga 4, sai a ari fam guda, wato sule 20, ya zama 24, saura 19. Fam ya koma 6, a ɗebe 2, saura 4. An sami fam 4, sule 19, kwabo 7. A juya shi a tara: kwabo 11, sule 38 wanda yake fam guda da sule 18, fam kuma 11 da guda na sule. Fam 12, sule 18, kwabo 11, kuma shi za a samu da kowane kuɗin da bai kai fam 12 ba, in dai fam ya fi kwabo yawa.

9.6 Jinga

1. A rubuta 248 a tushen biyar, da tushen goma sha biyu, da tushen biyu, sannan a faɗe shi da ƙidayar hauya.

2. A bi hanyar da aka bi a 9.4 a nuna cewa babu adadi mai alƙaluma uku a tushen uku wanda alƙalumansa suke juyawa a tushen biyar.

3. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a shekarar Hijira 1218. A nemo haruffan da za su ba da wannan shekara a ramzi bisa tsarin Magariba, a kuma bayyana dalilin da ya sa juya su ba zai sauya adadin ba.

4. A sami dattijo ko dattijuwa da suka yi ciniki kafin 1973, a rubuta kalmomin ƙidaya da na kuɗi da suke tunawa, tare da darajar kowace da garin da ake amfani da ita.

5. A tsara darasin minti talatin da biyar ga 'yan aji uku na firamare a kan sifiri, da Hausa zalla, ba tare da an yi amfani da kalmar lamba ba.